Saƙon Muryar da Nabila Ta Tura

Akwai wata yarinya a Mabera, cikin garin Sakkwato, sunanta Nabila. Shekararta goma sha shida, tana aji biyar na sakandare. Allah Ya ɗora mata son karanta littattafan labari, irin waɗanda ake rubutawa a kan matasa 'yan makaranta. Ni ban ga laifin wannan ba, don ni ma da karance-karance na taso. Amma na Nabila ya wuce so, ya zama jaraba.

Ba ta da waya, ta mahaifiyarta Inna Uwani take ara, kuma aron nan ya fi ƙarfin mai wayar. In an aike ta markaɗe, waya na hannu. In an ba ta tsintar shinkafa, ido na kan waya, hannu na zubar da shinkafar yana barin tsakuwa.

"Nabila, miyar nan fa ta kama."

"Inna, saura layi biyu."

"Layi biyun nan naki tun bara ba su ƙare ba."

Haka ake fama kullum a gidan.

To akwai wani guruf na WhatsApp da Nabila take ciki. Wata matashiya ce ta buɗe shi, Sadiyatu, malamar firamare da ke zaune a unguwar Gidan Dahala. Labari take rubutawa a ciki, kullum bayan la'asar ta saki sabon shafi, masu karatu su yi ta sharhi, wasu a rubuce, wasu da saƙon murya. Kyauta take yi. Da datarta, da cajinta, da lokacinta. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da ya fi ba ni haushi a cikin zancen.

Labarin na wata Fiddausi ne, 'yar makarantar kwana, wadda aka ɗora wa laifin satar amsar jarrabawa alhali ƙawarta ce ta yi. An yi watanni ana bin sa. Shafi na ƙarshe da aka saki ya tsaya daidai inda shugabar makaranta ta kira Fiddausi gaban ɗalibai, ta buɗe baki za ta yanke hukunci. Za a kore ta ko gaskiya za ta fito, ba wanda ya sani.

Washegari la'asar ta yi, ba shafi. Sai wani ɗan gajeren saƙo daga Sadiyatu: "Ku yi haƙuri 'yan uwa, ina da uzuri. Ku sa mu a addu'a."

Yanzu don Allah, mutum ya ce maka yana da uzuri, ya roƙe ka addu'a, me kuma ya rage ka ce? Amma ina. Nabila ba ta ga addu'a a saƙon ba, abin da ta gani kawai shi ne babu shafi.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Yarinyar nan ta bi ta zama abin tausayi da haushi. La'asar na yi za ta ƙwace wayar Inna, ta buɗe guruf, ta yi tsaki, ta rufe, ta sake buɗewa. Ƙannenta suka sha tsawa ba su san laifinsu ba. Abinci ma sai ta tura shi gefe, wai ranta a ɓace yake. A kan Fiddausi fa, wadda ba ta taɓa shan ruwan Sakkwato ba, don babu ita a duniya.

Tana da ƙawa, Lydia, ajinsu ɗaya, ita ma tana guruf ɗin. A hanyar dawowa daga makaranta Nabila ta dasa mita.

"Lydia, wagga mata ta raina mu. Ta ga mun kamu, shi ya sa take ja muna aji."

"Ba ta ce tana da uzuri ba?"

"Wane uzuri? Duk haka suke yi. Sai sun kai labari wurin daɗi, su ɓace, a yi ta roƙonsu."

"To ki jira mana. Ni ma ina son in ji ƙarshen, amma ban san abin da ke gidanta ba."

"Ke dama sanyi gare ki. Yau sai na gaya mata gaskiya."

Lydia ta ce, "Ni dai ba ruwana. In kin tashi, kar ki ce da ni."

Da la'asar ɗin ranar Nabila ta shiga ɗaki, ta danna wurin ɗaukar murya, ta saki baki. Na ji saƙon da kunnena, don ni ma an turo mini shi. Ga kaɗan daga abin da ta ce:

"Anti Sadiya, gaskiya kin ba mu kunya. In kin san ba ki iya ƙarasa abu, mi ya sa kinka fara? Kullum uzuri, kullum a sa ku a addu'a. Mu ma muna da matsaloli gidajenmu, amma ba mu rataya ma kowa ba. Ko mi ke damunki, ai bai hana ki taɓa waya. Ki daina wasa da hankalin mutane. Marubuta sun yi yawa, ba ke kaɗai ba ce."

Yarinya 'yar sha shida ke nan take gaya wa malamar makaranta haka, a gaban ɗaruruwan mutane, a kan abin da ake ba ta kyauta.

Kuma kar ku ce ita kaɗai ce. Nan da nan guruf ya ɗauka. Wannan ta ce, "Kin biya mu." Waccan ta ce, "Allah Ya yi miki albarka, abin da ke raina ke nan." Wasu suka jera hotunan dariya. Manyan mata fa, wasu sun haifi kamar Nabila. Aka yi ta tura saƙon wasu guruf-guruf. Nabila kuwa kai ya kumbura, ranar har wanke-wanke ta yi ba tare da an sa ta ba.

Ba a jima ba, wata mai taimaka wa Sadiyatu kula da guruf ta saki sanarwa. Allah Ya yi wa Jamilatu rasuwa, ƙanwar Anti Sadiya, bayan doguwar jinya a asibiti. Ciwon sikila ne. Shekararta goma sha biyar.

Sai ka ga ikon Allah. Masu "kin biya mu" suka bi saƙonninsu suna gogewa, suka koma jera ta'aziyya. Su ɗin dai suka juyo kan Nabila, wai yarinya ba ta da tarbiyya. Wallahi waɗannan sun fi ba ni haushi a kan ita yarinyar. Nabila ta goge nata saƙon, amma ina amfani, ya riga ya zaga gari.

Ta yi tsit, ba ta gaya wa kowa a gida ba. Ta manta lambar da ta yi aika-aikar ta Inna ce. Inna Uwani tana tankaɗen gari sai wata mata da ba ta sani ba ta kira, ko sallamar kirki babu, ta wanke ta tas. Inna ta rasa gane kan zancen, sai da matar ta turo mata saƙon.

Inna ta saurara har ƙarshe, ta kira Nabila.

"Wagga muryar wa ce?"

Nabila ta sunkuyar da kai.

"Da ke nike magana. Mi matar nan ta yi miki?"

"Inna, labarin ne ta tsayar, kuma ban san..."

"Ba ki sani ba. To da ba ki sani ba, wa ya aike ki? Ni na yi zaton karatun nan da kike yi hankali yake ƙara miki, shi ya sa nike bar miki wayar ko da raina bai so. Ashe baki yake ƙara miki. Tashi ki ɗauko hijabinki."

"Ina za mu, Inna?"

"Inda kinka aika muryarki, can za ki kai ƙafarki."

Lydia ce ta samo musu kwatancen gidan. Nabila da Inna suka hau keke napep zuwa Gidan Dahala.

Maza na zaune a ƙofar gida kan tabarmi. Cikin gida mata ne cike. Suka yi gaisuwa, aka nuna musu ɗakin da Sadiyatu take. Siririyar mace ce, idanunta sun kumbura, tana zaune a bakin katifa. Inna ta yi mata ta'aziyya, sannan ta ce, "Malama, ni ce uwar mai muryar nan da anka turo miki. Ga ta na kawo miki. Ban zo kare ta ba."

Sadiyatu ta dubi Nabila. Ta ce, "Ke ce Nabila? Na san sunanki. Kin fi kowa yawan sharhi. Jamilatu na son sharhinki, takan ce ke kike fara gano abin da zai faru."

Nabila ta durƙusa, hawaye na zuba. "Anti, don Allah ki yafe mini. Wallahi ban san kina jinya ba."

"Na yafe miki. Amma zauna, akwai abin da nike so ki ji."

Sadiyatu ta gyara zama. "Labarin nan ba don guruf na fara shi ba. Jamilatu ta fi zama gida bisa zuwa makaranta, saboda ciwo. Kullum burinta makarantar kwana, kuma ta san ba za a kai ta ba. Sai na ce bari in rubuta mata makarantar. Kowane shafi ita nike fara karanta ma, sannan in saki. In kun yi sharhi in kunna mata, ta yi ta dariya, tana cewa mutanenta sun zo."

Inna Uwani ta ce, "Allahu akbar."

"A asibiti na rubuta shafin da kuke jira, kaɗan-kaɗan, in ta samu barci. Ranar da na gama, jikin ya ɗan yi sauƙi, har ta sha kunu. Na ce mata albishir, yau za ki ji hukuncin Fiddausi. Ta ce in fara kunna mata mutanenta tukuna, ta kwana biyu ba ta ji su ba. Na buɗe guruf, na ga sunanki, na ce ga ta wajenki. Ban saurara ba kafin in kunna."

Nabila ta fashe da kuka.

"Ta ji shi duka. Ta kama kuka, tana cewa saboda ita ake zagina, in tafi gida in rubuta muku, ta iya zama ita kaɗai. Raina ya ɓaci, na kashe wayar, na ce yau ba karatu, sai gobe in mun huce. Da safe jikin ya rikice. Kafin azahar ta cika."

Ta share ido da gefen mayafi. "Ba muryarki ta kashe ta ba, kar ki ɗora ma kanki wannan. Kwananta ne ya ƙare. Ni ma da laifina, da na karanta mata a lokacin. Amma kin ce ko mi ke damuna bai hana ni taɓa waya, shi ya sa na ce ki ji."

Inna ta yi ta ba da haƙuri, ta yi addu'a, suka miƙe za su tafi.

To a nan ne, jama'a, na rasa abin da zan ce da yarinyar nan. Sun kai bakin ƙofa, da hawayenta da komai, sai ta juyo, murya can ƙasa, ta ce, "Anti, shafin... za ki sake shi?"

Inna Uwani ta galla mata harara, ta ɗaga hannu. Sadiyatu ta ce, "Bar ta, Inna. Son labarin ne, na san shi."

Ta dubi Nabila. "Shafin na nan cikin wayata, an gama shi. Jamilatu ta tambaye ni, an kori Fiddausi ko ba a kore ta ba, na ce mata sai gobe. Wadda anka rubuta dominta ba ta ji ba, Nabila. Ba ni iya ba wani."

Bayan sadakar bakwai Sadiyatu ta rufe guruf ɗin. Ba ta zagi kowa ba, godiya kawai ta yi, ta ce labarin ya tsaya nan.

Nabila na nan a Mabera, tana karatunta, don Inna ba ta hana ta ba. Lydia ta ce wani lokaci suna zaune, sai Nabila ta ce, "Kina ganin an kori Fiddausi?" Lydia ta ce mata ba ta sani ba. Kuma babu wanda zai sani, sai mace ɗaya a Gidan Dahala.

Darasi: Son karatu abu ne mai kyau, amma bayan kowane shafi da kake jira akwai mutum mai rai, da gidansa da damuwarsa. In wani ya ce maka yana da uzuri, ka yi masa addu'ar da ya roƙa, ka kama bakinka, don ba ka san wanda ke kusa da shi ba lokacin da zai buɗe saƙonka. Ku kuma manya masu zuga yara a guruf, ku ji tsoron Allah. Ku tura wannan ga duk mai saurin danna waya in ransa ya ɓaci, ko Allah zai sa ya tsaya ya yi tunani kafin ya tura.