Shaidar da Ba a Nema Ba

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da alƙali kan shimfiɗa buzu a zaure ya yi shari'a. Sunansa Nomau. Bawan Allah ne, da tufkar igiya yake ci. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda ce, Tabawa, ita ma mijinta Sallau ya sake ta, ta dawo gida da goyo. Goyon nan ita ce Hansai. A gaban Nomau ta yi rarrafe, a gabansa ta tashi da ƙafa. In ya dawo kasuwa sai ya ce, "Amarya, yau ma ba ki yi mini tuwo ba?" Ita kuma ta ce, "Na fasa aurenka, ba ka da haƙori."

Ana nan sai Tabawa ta sami manemi. Da Sallau ya ji, ya tafi gaban alƙali ya ce tunda uwar za ta yi aure, kakar wajen uwa kuma ba ta raye, a ba tsohuwarsa riƙon yarinyar. Alƙali ya sa rana. Tun daga nan abinci ya daina yi wa Nomau daɗi.

To, ku saurara. Kafin ranar ta zo, wata rana da hantsi Nomau yana tufka a tsakar gida, Hansai na wasan ƙasa a gefensa, sai ya hangi mutum tsugune a bayan darni yana leƙe ta wata kafa. Sallau ne. Tun ranar sakin ba shi da fuskar shiga gidan, shi ne ya zo ya ga 'yarsa a ɓoye. Nomau ya sunkuyar da kai kamar bai gani ba. Mutumin nan yana nan tsugune har rana ta take, har aka ji ihu daga can ƙarshen gari: "Gobara! Gobara!" Sannan ya zabura ya tashi.

Rumbun wani attajiri ne ya ƙone ƙurmus. Shi kuwa attajirin nan sun taɓa yin cacar baki da Sallau a kasuwa, har Sallau ya ce masa a gaban jama'a, "Za ka ga wuta." Kafin la'asar dogarai sun kama Sallau sun sa masa mari a ƙafa. Ya yi ta rantsuwa cewa yana bayan gidan tsohon surukinsa, aka yi masa dariya. Wa ya gan ka? Ya ce ba kowa. Shi kansa bai san an gan shi ba.

Kun ji inda jarrabawar take? Duk garin nan ba wanda zai kira Nomau shaida, don ba wanda ya san ya gani. In ya yi shiru, Sallau ya tafi gidan yari, maganar riƙo ta mutu, Hansai ta zauna.

Nomau ya ɗauki rama zai tufka, igiya ta ƙi haɗuwa. Ya tayar da salla, ya rasa raka'a nawa ya yi. Da abin ya ishe shi, ya kira Tabawa ya faɗa mata.

Ta ce, "Baba, wa ya tambaye ka?"

Ya ce, "Ba kowa."

"To, ni ban ce ka yi ƙarya ba. Shiru kawai za ka yi. Ka manta yadda ya koro ni ana ruwa, da jinjira a baya? Wa ya yi mini shaida a ranar?"

"Ban manta ba."

"In bai ƙona rumbu ba, ai ni ya ƙona ni. Allah ne ya kama shi."

Nomau ya ce, "Abin da ya yi miki, Allah zai tambaye shi. Abin da na gani kuwa, ni za a tambaya."

Tabawa ta fashe da kuka. "Wallahi in suka ɗauke ta, kai ka ba su ita da hannunka."

Gaskiya ta faɗa, shi ma ya sani.

Ranar da aka gurfanar da Sallau, Nomau ya fita. Ya kai bakin kasuwa ya juyo. Ya zo ƙofar gida, ya ji muryar yarinyar a ciki tana waƙa, ya tsaya kamar an kafe shi. Zuciya na ce masa, shiga ka zauna, kai tsoho ne, ina ruwanka? Ya sake juyawa, bai ƙara waiwaye ba.

Ya tarar da zaure cike. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da magana."

Alƙali ya dube shi. "Ba kai ne kuke shari'ar yarinya da wannan ba?"

"Ni ne."

"Faɗi."

"Tun hantsi har aka yi ihun gobara, mutumin nan yana bayan darnina. Da idona na gan shi."

Alƙali ya ce, "Ka san abin da maganar nan za ta jawo maka?"

Ya ce, "Na sani."

Aka sa shi ya rantse, ya rantse. Alƙali ya ce ba a ɗaure mutum kan furucin fushi alhali abokin shari'arsa ya wanke shi. Aka kwance wa Sallau mari.

Na san kuna jira in ce Sallau ya janye ƙara. Bai janye ba. Ranar da aka sa ta zo, alƙali ya ba tsohuwar Sallau riƙo. Nomau da kansa ya saɓa yarinyar a kafaɗa ya kai ta, tana ta tambayarsa yaushe zai zo ya ɗauke ta. Tabawa ba ta ƙara yi masa doguwar magana ba sai ranar da za ta tare.

Jama'a, ɓoye shaida zunubi ne, ko an kira ka ko ba a kira ka ba. Mu yau fa? An kama ɗan maƙwabcinka, ka san a shagonka yake lokacin da abin ya faru, amma ka ja ƙofa ka ce ba ka son zuwa kotu. Ana shari'ar saki ko gado a danginku, ka ji da kunnenka, sai ka ce ai ba a tambaye ka ba. Nomau ya rasa jikarsa ya faɗi gaskiya a kan wanda ya wulaƙanta 'yarsa. Kai me za ka rasa, wunin kasuwa guda? Duk wanda ya san abin da zai fitar da wani daga ɗauri, ya tashi gobe da safe ya je ya faɗa. Allah Ya ba mu ikon yi.