Makullin Akori-kurar Mati

Ku gyara zama ku kasa kunne da kyau, don in na kai ƙarshe ba ni zan yanke hukunci ba, ku ne. Kai mai danna waya, ajiye ta, har da kai nake.

A Tungar Jatau, wani ƙauye da ke bayan gulbi, an yi wani direba ana ce masa Mati. Motarsa akori-kura ce, tsohuwa tukuf, amma ita kaɗai ce mota a garin. Ita ke kai hatsi kasuwa, ita ke kai mara lafiya asibitin birni. Sai dai da zarar damina ta kankama, gulbi kan cika ya shafe mashigi, ba shiga ba fita sai da kwalekwale. Mota kuwa sai a tura ta rumfa ta yi zaman jiran kaka.

Wata shekara Mati ya ajiye ta inda ya saba, jikin rumbunan gero, ya lulluɓe ta da tamfol, ya kama noma. Ruwa na janyewa sai ciwon ciki ya murɗe shi, irin wanda ba ya jira. 'Ya'yansa suka ruga rumfa aka murza makulli, shiru kake ji. Aka ɗaga bonet, sai salati. Ɓeraye sun yi gida sun hayayyafa, sun gaigaye wayoyi kaf, sun cusa ƙaiƙayi a salansa, wato bututun hayaƙi. A amalanken shanu aka ɗauki Mati, mutumin da ya kai rabin garin nan asibiti, bai ko kai mashigi ba rai ya yi halinsa.

Matarsa Gwamma ba mace ce mai yawan kuka ba, amma abin ya tsaya mata a rai. Da aka zo rabon gado ta ce a bar mata motar a nata kason, ta sayar da saniyarta aka kawo makanike ya sake wayoyi. Duk rani 'ya'yanta maza uku suna karɓa-karɓar tuƙi, don dukansu uban ya koya musu, kullum kuma sai an yi cacar baki a kan makulli. Ana haka hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga autarta Azumi da cikin fari, za ta zo goyon ciki gida, haihuwar kuma sai wajen ƙarshen damina.

Gwamma ta tara 'ya'yan nata maza a tsakar gida ta ce, "Ɓera ya ci min miji. Wallahi ba zai ci min 'ya ba. Wanda ya tsare min motar nan har ta tashi ranar da na neme ta, makullin nasa ne, ba mai ƙara yi masa gardama." Ta ƙulle makullin a bakin zane ta tashi.

Babban, Nomau, manomi ne kuma maginin rumbu. Shi a ganinsa mota da rumbu duk ɗaya ne, abin da ba ka so ɓera ya hau kada ka bari ya taɓa ƙasa. Ya fara da janye ta daga jikin rumbuna, ya kafa mata sabuwar rumfa a bayan gida. Ya yaye tamfol ya jefar, ya ce duhu da ɗumi ne ke kiran ɓeraye. Ya bi bayan motar da tsinke yana tono ƙwayar gero da dawa da suka maƙale a lunguna tun zamanin ubansa, har ya kusa cika ƙwarya. Sannan ya gina ƙafafu huɗu na dutse, ya ɗaga motar da jek ya ɗora ta a kai, ya naɗe kowace ƙafa da langa-langa mai santsi, ya shafe shi da baƙin mai. Masu wucewa suna dariya, wai Nomau ya ɗora mota a kan murhu, saura a hura wuta. Ko kallonsu bai yi ba.

Na biyu, Barau, shi ya fi daɗewa yana yi wa uban yaron mota, ya san kowace kafa a jikinta. Ya ce wa yayansa, "Ka tsare ƙasa, to wa ya tsare sama? Ɓeran jinka ba ya neman ƙafa, faɗowa yake yi." Ya sayo soson ƙarfe irin na wanke tukunya ya cusa a salansa, ya cusa a bututun da inji ke shan iska, ya toshe duk ramin da waya ta bi ta shiga ciki. Ya ɗaure ragar ƙarfe a gaban inji da ƙarƙashinsa, ya ɗaga gilasai ya rufe ƙofofi gam. Batir kuwa ya cire ya kai ɗakinsa ya ɗora a kan katako, yana haɗa shi da sola lokaci-lokaci, yana lallaɓa shi kamar jinjiri.

Na uku, Cindo, makiyayi ne, ba ya son dogon zance. Da ya ga aikin yayyensa sai ya ce aikin ya yi kyau, amma dutse da ƙarfe ba su da ido. Maƙwabta suka ce ya barbaɗa shinkafar ɓera ya huta, ya ƙi. Ya ce ɓeran da ya ci guba lungu yake nema ya mutu, ga kaji suna kiwo, ga jikoki suna rarrafe. Ya haye gulbi a kwalekwale ya ba da zakara aka ba shi wata kyanwa, ramammiya mai yagaggen kunne. Ya yi mata shimfiɗa a rumfar, a can yake kai mata ɗan nono kullum, ba ya bari ta ƙoshi, ba ya kuma bari ta yi yunwar da za ta sa ta bar wurin. Barau yana tsokanarsa, wai kowa ya yi aiki da hannunsa, Cindo ya ɗauki lebura.

Sai damina ta sauka, ta ƙwarai kuwa. Fadama ta cika ta kori duk abin da ke rami, ɓeraye da gafiyoyi suka yo cikin gari kamar an yi musu gayya. Da safe in Gwamma ta leƙa rumfar sai ta ga sawunsu ya zagaye ƙafafun dutsen nan, ga shatar farce a jikin langa-langa inda suka hau suka zamo. Gafiyar da ta kai girman ɗan zomo ba kyanwa ɗaya ce za ta tare ta ba, kuma raga ba ta gagarar haƙorinta. Amma ko ɗaya ba ta kai ga motar ba.

Ƙananan kuwa, yadda Barau ya faɗa, ta jinka suka biyo suna faɗowa a kan bonet. Kyanwa ta kama na kamawa, sauran suka sulale suna neman kafa. Sun je salansa sun tarar da soso, sun gaigaya har ya yanka musu baki, sun je gaban inji sun tarar da raga. Wuraren nan kuwa kyanwa ba ta isa ta bi su ba.

To, ga abin da babu wanda ya sani. Gwamma tana kewar mijinta, kewa mai tsanani, kuma kujerar direba har yanzu tana ƙanshin turarensa. Bayan la'asar, in maza sun tafi gona, sai ta taka turmi ta buɗe ƙofa ta shiga ta zauna, tana ɓarar gyaɗa a zane, tana ba shi labarin gida kamar yana nan. Ran nan Azumi, wadda ta riga ta zo goyon ciki, ta ƙwala mata kira daga ɗaki. Gwamma ta sauko a gigice, ƙofa ba ta rufu ba, gyaɗa ta zube a ƙarƙashin kujera. Ba ta tuna ba sai washegari. Ta garzaya rumfar, me za ta gani? Kyanwar Cindo zaune a kan kujerar Mati tana lasar baki, a gabanta ga wata uwar ɓera mai tsohon ciki. Ta riga ta fara kankare fatar wata waya a ƙarƙashin sitiyari, saura ƙiris ta kai ga jan ƙarfen. Gwamma ta share gyaɗar ta rufe ƙofa, ba ta faɗa wa kowa ba.

Ruwa bai daɗe da janyewa daga mashigi ba naƙuda ta kama Azumi. Aka wuni, abu ya ƙi. Ungozoma ta fito tana share gumi ta ce, "Gwamma, wannan ya fi ƙarfina, a nemi asibiti." Gwamma ta tuna irin wannan ranar ce ta cinye mata miji. Nomau ya kafa jek ya sauke mota, Barau ya zare soso ya ɗaura batir, Cindo ya ɗauke kyanwarsa. Gwamma ta kwance bakin zane, ta shiga da kanta ta yi bisimilla ta murza. Motar ta yi tari sau ɗaya ta ɗauka, har kaji suka watse. Kada ku tambaye ni wanda ya tuƙa, ba shi ne zancen ba. An isa asibiti da sauran rana, aka yi wa Azumi aiki, aka ciro ɗa namiji, uwa da ɗa lafiya lau.

Ranar suna aka mayar wa yaro sunan kakansa. Da baƙi suka watse, Gwamma ta tara 'ya'yanta ta ɗora makulli a kan tabarma, ta faɗa musu zancen ƙofa da gyaɗa, ba ta rage komai ba. Nan fa gardama ta kaure. Nomau ya ce ba don ƙafafunsa ba da gafiyoyi sun gama da motar tun ba a yi noman farko ba. Barau ya ce ba don sosonsa da batirinsa ba da ƙarfe kawai za a sauke daga kan duwatsu. Su biyun kuma suka haɗa baki, wai da Inna ba ta buɗe ƙofa ba da kyanwa ba ta tsinana abin kirki ba. Cindo ya ce, "Ai ta buɗe. Ni don ranar da za a buɗe na kawo ta."

Gwamma ta dubi makullin, ta dubi jaririn da ke barci a cinyar Azumi. Ta san cewa da ɗaya daga cikin ukun nan ya naɗe hannu, da yau zaman makoki ake yi a gidan ba suna ba. Ga shi ta yi alkawari da bakinta, makulli kuma ɗaya ne, ba ya tsaguwa uku.

To jama'a, ga ku ga Gwamma. Nomau da ya tare ƙasa, Barau da ya toshe kafofi, ko Cindo da ya yi tanadin kuskuren da ba wanda ya zata: a tafin wa za ta sa makullin Mati?