Kalmar da Baƙin Teku Suka Faɗa a Fadar Sarki Tunau

A zamanin da, lokacin da kwalekwale ne babban jirgin da mutane suka sani, an yi wani sarki mai suna Tunau, birninsa yana bakin wani babban kogi. Wata rana da hantsi sai ga jirgin ruwa mai tsawon gida ya tsaya a mashigi, cike da baƙi jajaye daga bayan teku. Shugabansu ya taho fada a rame, yana dafa sanda, ya yi magana da harshen da ba mai jinsa sai wani falke mai suna Bagobiri, wanda ya taɓa zama a garuruwan gaɓar teku. Shi aka sa tafinta.

Baƙon ya yi ta maimaita wata kalma, shaf, shaf, yana miƙa hannuwa.

Bagobiri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, shaf a bakinsu kaifi ke nan. Cewa yake a tattaro duk abu mai kaifi na ƙasarka, takubba da masu da kibau, a kai masa jirgi."

Madawaki Jatau, shugaban mayaƙa, ya miƙe. Ya ce, "Zaki, wanda ya ce ka ajiye makami gari yake so. A ba ni izini in ƙone jirgin da waɗanda ke ciki."

Ran Sarki ya ɓaci, ya ba da umarni a shirya. Amma Waziri Nomau, dattijo mai yawan sauraro, ya lura da cewa baƙon bai yi kama da mai neman faɗa ba, don ko tsayuwa da ƙyar yake yi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a kashe baƙo bai ci tuwon gari ba. A bar ni in sauke shi tukuna, jirgi ba zai tashi sama ba." Sarki ya yarda.

Washegari Waziri ya kira Bagobiri, ya yaba masa, ya ce ya tafi kasuwar dawaki ta hayin kogi ya zaɓi ingarma a matsayin tukuicinsa. Bagobiri ya tafi yana murna. Da ya ba da baya, Waziri ya aika aka zo da baƙon gidansa.

Da farko Waziri ya sa wanzami ya yi wa baƙon aski. Baƙon ya taɓa bakin aska ya ce, "Shaf." Waziri ya gyaɗa kai. Aka kawo tsire da yaji, baƙon ya ɗan lasa, ya hura baki ya ce, "Shaf." Waziri ya gyara zama. Aka kawo kunun tsamiya. Baƙon ya kurɓa, idanunsa suka buɗe, ya rungume ƙwaryar ya shanye, yana cewa, "Shaf, shaf," yana nuna wajen jirgi. Sa'an nan ya ɗaga leɓensa ya nuna wa Waziri dasashinsa, duk ya kumbura yana tsattsafo da jini, haƙoran suna girgiɗa. Waziri ya bi shi har cikin jirgi, ya tarar da mutane kwance birjik, kowa da irin wannan ciwo.

Da fada ta cika, Waziri ya sa aka shimfiɗa tabarma gaban Sarki, aka ɗora takobi da barkono da lemun tsami. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, mu nan kowane abu da sunansa. Wuƙa kaifi gare ta, ƙaya tsini, barkono yaji, tsamiya tsami, ɗanyen goro bauri, maɗaci ɗaci. Waɗannan mutane kuwa sun zuba da yawa daga ciki a kalma guda. Tafinta ya ɗauko ma'ana ɗaya ya miƙo maka, ya ɓoye sauran. Ga baƙon, a bar hannunsa ya yi magana."

Aka shigo da baƙon. Ya ture takobi gefe da bayan hannu, ya tsallake barkono, ya ɗauki lemun tsami ya dafe a ƙirjinsa, hawaye na zuba.

Sarki ya juya ga Bagobiri, wanda ya dawo da dokinsa bai san abin da ake ciki ba. Ya ce, "Kai da ka zauna cikinsu, ba ka san kalmar tana nufin tsami ba?"

Bagobiri ya yi ta kame-kame. Waziri ya ce, "Ka yi tunani kafin ka amsa. Fatake masu jin harshen nan suna zuwa da rani, za a tambaye su."

Nan Bagobiri ya saduda. Ya ce, "Na sani, Zaki. Ya ce mutanensa na mutuwa don sun daɗe a ruwa ba su ci ɗanyen abu ba, a taimake su da abu mai tsami. Madawaki ne ya ce in juya maganar, idan an kashe su mu raba kayan jirgi."

Madawaki ya buɗe baki, Sarki ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Ka so ka ɗora mini jinin majinyata a wuya saboda kaya." Nan take aka cire masa rawani, dogarai suka fitar da shi daga ƙasar. Bagobiri kuwa aka karɓe dokin, aka yanke masa hukuncin ya yi dakon kwandunan lemu a kansa daga gonaki zuwa jirgi har baƙi su warke.

Gari ya ɗauka. Mata suka fito da tsamiya da zoɓo da yakuwa, manoma suka karkaɗe itatuwan lemu. Kafin wata ya ƙare, waɗanda aka gani kwance sun miƙe suna hawan igiyoyin jirgi suna waƙa.

Ranar tafiyarsu shugaban baƙin ya zo fada da ƙafafunsa, babu sanda. Ya ajiye kyaututtuka gaban Sarki, sa'an nan ya matsa kusa da Waziri, ya nuna kan dattijon da yatsa, ya ce, "Shaf."

Fadawa suka dubi juna. Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce, "Wannan kam ba sai an nemi tafinta ba, kaifin basira yake nufi." Aka buga tambari, Sarki da kansa ya raka baƙi har bakin ruwa, Waziri Nomau a damansa.