Makullan Baƙi a Aljihunsa

An yi wani mutum a cikin birnin nan na Kano. Ba zan faɗi sunansa ba, domin 'ya'yansa suna nan da rai. Ya gaji gida a Madabo, ya kuma gaji wani kango a bakin lungunsu, ya kewaye shi da kwano ya sa masa ƙofa.

Kowa ya san cikin gari. Baƙo zai taso daga Gusau ko Zariya da motarsa, ya shigo ta Ƙofar Mazugal, ya tarar lungun gidan da ya zo ko babur da kyar yake ratsa shi. Ina zai kwanar da mota? Sai a nuna masa kangon mutumin nan. Can ake jera motoci wata bayan wata, mai mota ya bar makulli don a matsar da ita idan ta ciki za ta fita. Makullin nan, ya 'yan uwa, shi ne amanar.

Da farko ya riƙe ta. Da fetur ya yi tsada, sai ya sayi tiyo. Duk motar da ta kwana ya zuƙi kaɗan, daidai abin da geji ba zai nuna ba. Ya riƙa tarawa a jarkoki yana jibgewa a soron gidansa, bayan buhunan gawayi.

Matarsa 'Yardada ta ce, "Malam, warin nan har cikin tuwo."

Ya ce, "Na janareta ne."

Ta ce, "Wane janaretan? Wanda za mu saya?"



Kango ya yi masa kaɗan. Ya fara jera motoci a bakin lungun, wanda a duk layin shi kaɗai mota take iya shiga. Maƙwabcinsa Malam Muttaka, dattijo mai koyar da karatu, ya tare shi ya ce, "Ɗana, hanyar nan ta makara ce da mai naƙuda."

Ya ce, "Baba, kwana ɗaya ne. Da safe za su tashi."

Kullum kwana ɗaya ne.

Wata Juma'a ana biki a unguwar, motocin baƙi suka cika kango suka toshe lungu. Da hantsi ya ɗauki jarka biyu ya nufi wajen 'yan bumburutu a bayan Ƙofar Na'isa. Makullan duka suna aljihunsa, domin mai taɓa motar mutane ba ya yarda wani ya riƙe masa makulli.

Bayan fitarsa aka kawo wutar lantarki. Waya ta yi tartsatsi a soro.

'Yan kwana-kwana ba su makara ba. Sun zo, suka tsaya a bakin lungu. Matasa suka fasa gilashin motar farko, suka tarar sitiyari a kulle. Aka tura, ta gitta, ta ƙara toshe hanya. Mesa ba ta kai ba. Ta kan katanga aka ciro 'Yardada da yara. Gidan ya ƙone, wutar ta tsallaka ta cinye ɗakin littattafan Malam Muttaka, waɗanda kakansa ya zo da su daga Borno.

Ya iso ya tarar an jera narkakkun jarkoki a ƙofar gida, baƙi suna tsaye suna kallonsu. Ba wanda ya tambaye shi na mene ne.

Malam Muttaka ya ce, "Ka zo da makullan?"

Ya ce, "Na zo da su, Baba."

"To, mayar wa masu su."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana miƙawa. Daga ranar ko keke ba a sake kwanarwa a kangonsa ba. Kafin shekara ya sayar da shi ya bar unguwar.

Ya 'yan uwa, wa ya toshe hanyar? Wa ya tara man? Wa ya tafi da makullan? Babu hannun maƙiyi a nan. Ya ɗauka kaɗan yake ɗiba, geji bai gani ba, mai mota bai gani ba. Ya manta da Wanda yake gani. Baƙon da ya miƙa maka makulli ya tafi ya kwanta, barcinsa ya ba ka ajiya. Hanyar jama'a kuwa ba taka ba ce ko na kwana ɗaya, kuma wata rana kai za ka buƙace ta.

Allah ya sa mu mayar da amana yadda aka ba mu. Allah ya kiyaye mu daga wutar da muke tarawa da hannunmu, ta nan da ta gobe. Amin.