Sarki Ma Mutum Ɗaya Ne

An ce wani sarki a ƙasashen gabas yana da ƙane wanda yake so fiye da kowa. Wata rana da azahar ya sallami fadawa duka, ya hau soron fadarsa shi kaɗai don ya huta. Daga soron nan ne kawai ake iya hango cikin lambun sarki. Da ya leƙa, sai ya ga ƙanensa kwance a bakin rijiya, mai ban ruwan lambun, wani bawa da ake kira Zabadi, yana tsaye a kansa da fartanya. Kafin a isa wurin rai ya yi halinsa. Zabadi ya yi ta rantsuwa a kwance ya tarar da shi, sarki kuwa ya ce da idonsa ya ga saran.

Alƙalin birnin wani tsohon Bayahude ne mai suna Hilkiya, wanda bai karɓi alƙalanci ba sai da sarki ya yarje masa ya yi hukuncin jini da shari'ar da aka ba Annabi Musa. Hilkiya ba jarumi ba ne. Mutum ne mai son ransa, ko kare ya yi masa haushi sai ya sake hanya. Washegari da aka kawo Zabadi a ɗaure, Hilkiya ya ga idon sarki jawur, sai tsoro ya kama shi. Ya tausaya wa sarki ƙwarai, domin shi ma ya taɓa binne ɗan'uwa. Duk da haka ya tambaya ko akwai wanda ya gani ban da sarki.

Sarki ya ce, "Ni na gani. Ko ƙarya kake nufin na yi?"

Hilkiya ya ce, "Ya sarki, ban ƙaryata ka ba. Amma an hana mu zubar da jini a kan bakin mutum ɗaya. Kai kuwa, Allah ya ja zamaninka, mutum ɗaya ne."

Sarki ya tambaye shi yadda za a yi bakin da ke tayar da rundunoni ya zama daidai da bakin bawa. Tsohon ya amsa cewa Wanda ya yi sarki shi ya yi bawa, daga ƙasa ɗaya, ya ba kowa rai ɗaya da harshe ɗaya, kuma shi bai taɓa jin an ba sarakuna biyu-biyu ba. Dokar ba tasa ba ce balle ya ɗage ta, ba kuma kyautar sarki ba ce balle sarki ya karɓe. Sarki ya rantse in rana ta faɗi ba a yanke hukunci ba, takobi zai ci mutum biyu.

Waziri ya ba da shawara a kira Tadawus, wani rahibi, malamin Nasara, da suka tsufa suna gardamar addini da Hilkiya, ko kan gaisuwa ba su cika shiri ba. Fadawa suka gyara zama, suna jiran a kayar da tsoho. Tadawus ya zo, ya harari Hilkiya, ya ce mutumin nan ya ɓata a abubuwa da dama, kuma ba zai daina faɗa masa ba har kabari. Amma a wannan, littafin da ke hannun Nasara ma haka ya ce. Ya ƙara da cewa Wanda zai tambayi jinin ƙanen sarki, shi zai tambayi jinin bawan sarki, ba kuwa zai yi wa ɗaya rangwame ba.

Baƙin ciki ya turnuƙe sarki, ya ce, "Ashe duk fadar nan ba wanda ya gani tare da ni?"

Kukan zuci ne kawai ya yi, amma bafade ba ya jin kuka, umarni yake ji. Waziri ya miƙe ya ce yana gefen sarki a soron. Sarkin dogarai ya ce shi ma, har ihun mamacin ya ji. Sai suka yi ta tashi suna rantsuwa, har da wani da bai dawo daga tafiya ba sai jiya da magariba. Kowa na ƙoƙarin ya fi ɗan'uwansa gani.

Hilkiya ya dubi Zabadi, ya ga ya daina ko roƙo. Abin da ya ba tsohon mamaki, tsoron nan nasa ya tafi, fushi ya maye wurin. Ya dafa sandarsa ya miƙe.

"Ya sarki, shaidu sun cika har sun yi yawa. Saura kalma ɗaya. Ni ban san wanda ke soron nan ba, kai ka sani, Allah kuma ya sani. Ka ce suna tare da kai. In ka faɗa, jinin ya bar wuyana ya koma naka."

Sarki ya bi fuskokin fadawansa da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da bakinsa ya sallame su jiya, ga su yau suna rantsuwa da Allah ko ƙiftawa babu. Ya gane harshen da ya yi masa wannan ƙarya zai yi wa wani irinta a kansa, ranar da iska ta juya.

"Ni kaɗai nake," in ji shi, hawaye na zuba a gemunsa.

Ya sa aka kwance Zabadi. Bayan an watse ya tsayar da Hilkiya, ya ce har yanzu zuciyarsa na gaya masa bawan nan ne ya kashe masa ƙane. Hilkiya bai yi masa daɗin baki ba. Ya ce mai yiwuwa ne, kuma in shi ne, yana da Alƙalin da ba ya neman shaida.

Sarki ya koma cikin gida da baƙin cikinsa, amma hannunsa babu jini. Adalci kuwa, in bai iya ce wa sarki a'a ba, ba zai iya kare kowa ba, har shi sarkin.