Kaskon Turaren da Aka Zuba da Damina

Lawali ɗan yayana ne. Maƙerin fari ne, mai aikin tagulla da jan ƙarfe, a tsohuwar maƙerar gidanmu da ke Birni, cikin Damagaram. Allah ya ba shi hannu, wannan ba mai musu. Magidanci ne, da mata da 'ya'ya uku. Aibinsa guda ne, garaje. Tun yana ƙarami, ko koko aka ba shi sai ya ƙona harshe.

A maƙerar akwai tsohon injin murza ƙarfe da kakanmu ya bari. Ƙarfuna biyu ne masu nauyi, ɗaya bisa ɗaya, ana juya su da hannu. Ana tara tsofaffin kawunan pampo da lalatattun makullai da wayar jan ƙarfe, a narkar da su, a zuba su zama sanda. Sai a tura sandar tsakanin ƙarfunan nan, ana matsewa kaɗan-kaɗan har ta baje ta zama falle. Amma duk bayan bi uku sai an mayar da ita wuta ta yi ja, ta yi laushi. In ba haka ba, taurinta ya yi yawa, ta tsage.

Mahaifinsa, yayana Zakari, daga ƙarar injin yake gane halin ƙarfe. Yakan ce, "Lawali, ta gaji. Mayar da ita wuta."

"Baba, bi ɗaya ya rage."

Sai a ji ƙas, falle ya tsage. Lawali ya yi dariya ya ce, "Ba kome, a sake narkawa." Da wannan magana ya girma. A ganinsa duk ɓarnar da aka yi a maƙera, wuta za ta gyara.

Akwai aiki ɗaya da Zakari bai taɓa koya masa ba. Gidanmu na da wani zane da muke kira igiyar rijiya. Ana murza kakin zuma siriri kamar zare, a tufka uku-uku, a naɗe jikin kaskon turare da shi, ba a ganin inda igiyar ta fara balle inda ta ƙare. A duk garin, hannun Zakari kaɗai ya rage da ya iya. Sau biyu ya zaunar da Lawali, sau biyu Lawali ya tashi kafin azahar, wai ƙugunsa ya riƙe.

Shekaru uku da suka wuce idanun Zakari suka fara dushewa. Lokotoro, wato malamin asibiti, ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, ciwo ne mai cin gani a hankali. Da ya dawo gida sai ya aika garin Takieta aka sayo masa kakin zuma mai kyau. Ya ce da ni, "Kafin fitilar ta mutu, zan yi kasko ɗaya. In na tafi, wanda Allah ya ba haƙuri cikin jikoki ya duba ya kwaikwaya."

Wata biyu yana aikin. Yakan zauna bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, ya kai kakin dab da hancinsa. Da ya gama, har maƙwabta suka shigo kallo. Daga nan aka sa wa kakin rigar yumɓu: mai laushi a ciki, mai kauri a waje, wanda na kwaɓa da kaina da kashin jaki da ƙaiƙayi. Ga yadda zubi yake: in yumɓun ya bushe, a gasa shi, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. Cikin gurbin ake zuba tagulla. Ke nan siffar da aka yi da kakin ta tafi har abada. Zubi ɗaya ne, ko ya yi ko ya ɓaci.

Lokacin damina ce, watan marka. Zakari ya ajiye mazubin, wato kakin da rigarsa ta yumɓu, a inuwa bisa benci ya ce kada wanda ya taɓa shi sai iska ta juya.

Ana nan sai aka yi shelar baje kolin masu sana'ar hannu a Yamai, aka sa sunan Lawali cikin masu zuwa. Motarsu za ta tashi ranar Laraba. Tun daga nan idonsa ya koma kan benci.

'Yata Sakina, wadda take abokiyar wasansa, ta lura. Ta ce, "Kai, sarkin gaggawa, wannan kallo fa? Ko so kake ka busar da shi da ido?"

Ya ce, "Ke dai jira. Sai kin ganni a talabijin, ki ce wa mutane ai bawanki ne."

"Bawana kuwa, amma wanda ko ruwan shayi ba ya bari ya tafasa."

Ya je wa mahaifinsa da maganar a zuba kaskon ya tafi da shi Yamai. Zakari ya ɗauki mazubin ya kara a kuncinsa. Ya ce, "Da sanyi. Akwai ruwa a cikinsa. Saura sati uku."

"Baba, waje ya bushe ƙamas."

"Waje ba shi ake zuba wa ƙarfe ba. Tafi da mundaye da farantai."

Ranar Talata da safe Sakina ta raka Zakari likita karɓar maganin ɗigawa. Ina tsakar gida ina tsince wake sai na ji ƙarar ƙafar keken da ke hura wutar maƙera. Na shiga. Na tarar Lawali ya ɗora mazubin bisa gawayi, kakin yana tsiyaya cikin kwano.

Na ce, "Lawali, me na gani haka?"

"Goggo, wuta za ta ƙarasa busar da shi. Kafin Baba ya dawo na gama, ya shafa ya ji daɗi."

"Ubanka ya ce sati uku. Kai ka haife shi?"

"Goggo, zamani ya canza. Su da can ba su da wuta mai ƙarfi irin wannan."

Na ce, "Ni ban san zamani ba. Na san ni na kwaɓa yumɓun nan, na san ruwan da ya sha. Tunda ka riga ka fitar da kakin, to sauke shi, ka bar shi ya bushe, ubanka ya gasa shi yadda ya kamata."

Da ya ji wannan, da an tsira. Amma ya dubi wayar salularsa, ya ga lokaci, ya ce minti goma kawai. Bai ma bari yumɓun ya gasu ya yi ja ba. Ya binne mazubin cikin rairayi zuwa wuya, ya ɗauko tukunyar narki da awartaki, ya karkata.

Da farko na ji wani huci kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Sai fas! Mazubin ya tarwatse. Tagulla ta yi tsalle, wani kaso ya sauka a bayan ƙafarsa ta dama. Ya yar da awartaki ya faɗi yana salati. Maƙwabta suka ɗauke shi a babur zuwa likita. A ƙofar shiga suka yi kiciɓis da mahaifinsa yana fitowa.

Zakari bai yi faɗa ba. Da ya tabbatar an ɗaure ƙafar, ya dawo gida ya shiga maƙera, ya durƙusa yana lalube cikin rairayi. Abin da ya samu, wani dunƙulen tagulla ne mai ramuka kamar gidan tururuwa, da gutsattsarin yumɓu. Ya zauna a ƙasa ya daɗe. Sannan ya ce da ni, "Shi ke nan. Igiyar rijiya za ta bi ni kabari. Yanzu ko hannuna ba na gani sosai."

Motar Yamai ta tafi ba Lawali. Aka kwantar da shi a zaure, lokotoro ya ce wata biyu ba taka ƙasa. Kwana uku ba ya cin abinci sosai. A na huɗu na je na tsaya a kansa.

Ya ce, "Goggo, in na tashi zan sake narkar da tagullar..."

Na ce, "Rufe mini baki. Tagulla tana nan, ba wanda ya yi kukanta. Wata biyu na ƙarshen ganin ubanka ka ƙona. Wannan a wace tukunya za ka narkar da shi?"

Ya rufe fuska ya yi kuka kamar yaro. Na bar shi ya yi, don kukan ya kamata. Da ya gama, na ajiye masa wani guntun yumɓu da na tsinta a gindin bango lokacin shara. Bai kai tafin hannu ba, amma a cikinsa sawun igiyar ya fito raɗau.

Ya juya shi, ya sake juyawa. Ya ce, "Goggo, kakin da ya tsiyaye yana nan?"

"Yana cikin kwano."

"A kawo mini. A kuma roƙar mini Baba, in zai iya zama kusa da ni."

Zakari ya zo ya zauna a tabarma. Ba zai iya yin aikin ba, amma yatsunsa ba su makance ba. Ya kama hannun ɗansa ya nuna masa yadda ake murza zaren da gefen tafi. Lawali ya yi, ya miƙa. Tsohon ya shafa ya ce, "Nan ya yi kauri." Ya dunƙule shi ya mayar kwano. Sati biyu ba abin da suka yi sai murza zare.

Sakina takan leƙo ta ce, "Ikon Allah! Ashe maganinka a ƙafa yake. Da mun sani da tuni mun ɗaure ka a turke."

Ya ce, "Ke dai kawo fura, uwar gida."

Ni dai ina jiran ranar da ƙafar za ta warke, don a nan za a san gaskiya. Ta warke, ya fara takawa da ɗingishi. Washegari bayan sallar asuba na leƙa zaure, na gan shi zaune a gurbinsa da kwanon kaki. Ba wanda ya kira shi.

Kasko biyar ya naɗa, biyar ɗin mahaifinsa ya dunƙule. A na huɗu na ga jijiyar wuyansa ta tashi, ya buɗe baki, sai ya rufe, ya sake jawo kwano. Na shida ne Zakari ya shafa tun daga baki har gindi, ya koma ya sake, yana neman inda igiyar ta haɗu. Bai samu ba. Ya ce, "A kwaɓa yumɓu."

Lokacin an shiga bazara, rana na dukan dutse. Duk da haka Lawali ya bar mazubin kwana ashirin a inuwa. Ya gasa shi a hankali har ya yi ja kamar garwashi, ya zuba tagulla, ta shige lumui ba ko huci. Ya bar shi ya huce har la'asar, sannan ya fasa yumɓun da ƙaramar guduma, ya goge da toka da tsamiya. Ya durƙusa ya sa kaskon a hannun mahaifinsa, wanda a lokacin ba ya bambanta rana da inuwa.

Zakari ya bi igiyar da yatsa, zagaye bayan zagaye. Ya ce, "Wajen kunnen hagu ta ɗan saki." Lawali ya sunkuyar da kai. Tsohon ya rungume kaskon a ƙirjinsa ya ce, "Amma tamu ce. Sakina, ɗebo garwashi, sa mini turare in ji."

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Ba kowace ɓarna ce ake sake narkawa ba. Akwai abin da sau ɗaya ake zuba shi, kamar wahalar iyaye da amanar da suka bar maka, kuma mai garaje yakan ƙona abin da ba nasa ba. In babba ya ce ka jira, ka jira, ko da idonka na gaya maka ya bushe. Wanda kuma ya riga ya yi ɓarna, kada ya tsaya a kuka. Ya koma ya zauna gaban wanda ya ɓata wa, ya karɓi gyara ko sau nawa ne. Lawali ya yi sa'a ya tarar da mahaifinsa da rai. Kai da naka ke raye yau, kada ka jira sai wuta ta zaunar da kai.