Hular Barau a Ranar Kasuwa

An ce a garin Rafin Kanya ɓarayin shanu sun addabi mutane, har Dagaci Jatau ya sa a zaɓi samari a koya musu riƙon bindiga don tsaron kai. Mai koyarwar shi ne Sarkin Bindiga Ɗan'azumi, tsoho wanda gwiwoyinsa suka gaji da shi, shi ma ya gaji da jama'a.

Al'adarsa ita ce, idan mai koyo ya iya saiti, sai ya rataya masa bindiga ranar kasuwa, ba tare da ya gaya masa ko a ɗure take ko babu komai a cikinta ba, sannan ya sa wani ya fizge masa hula ta baya. Wanda ya juya da baki ya ci. Wanda ya juya da bindiga ya koma gida.

Barau ɗan Dagaci ya fi kowa saiti. Da aka fizge hularsa, sai ya juya ya danna kunamar bindiga. Allah ya sa babu albarushi. Tsoho ya karɓe bindigarsa.

Dagaci ya aika aka kira shi, ya ce, "Sarkin Bindiga, ka kunyata ɗana a bainar jama'a a kan bindigar da babu komai a ciki. Ko ka mayar masa, ko ka ajiye rawanin da na naɗa maka."

Tsoho ya zauna da ƙyar, ya ce, "Ranka ya daɗe, rawanin nan ya daɗe yana yi mini nauyi. Amma kafin in kwance shi, ka ji labarin Nomau mai rake."

Dagaci ya ce, "Faɗi, amma ka taƙaita."

Tsoho ya ce: Nomau manomin rake ne a wata fadama. Masu ɗauke-ɗauke suka dame shi, sai ya je wurin wani maharbi mai suna Mantau ya ce a koya masa harbi. Mantau ya dube shi, ya ga idonsa ja wur don fushi, ya ce, "Zauna tukuna, ka ji yadda beguwa ta yi da ɗanta."

Mantau ya ce: Beguwa ta ga ƙayoyin ɗanta sun yi ƙwari, ta ce masa, "Ɗana, in ka ji motsi, fara duba. In maƙiyi ne, kaɗa ƙaya ya ji kwaramniya. In bai tafi ba, nemi rami. Sai in babu rami babu hanya za ka saki ƙaya, don wadda ta fita ba ta komawa." Ɗan ya ce, "To amfanin me ƙayar ke nan, in gudu zan yi?" Wata rana yana kwance a bakin rami ya ji ciyawa ta motsa, ya saki ƙaya bai duba ba. Ashe uwarsa ce ta dawo masa da rogo a baki. Da ido ɗaya ta ƙare rayuwarta.

Mantau ya ce, "Ka ji, Nomau. Hannu na iya koya maka cikin mako, zuciya ce ke cin shekaru."

Nomau ya ce, "Baba, harbi na zo koya, ba tatsuniya ba." Ya tashi ya tafi wurin wanda ba ya yawan magana, ya koya, ya sayi bindiga. Rannan da rana tsaka ya ga rake yana rawa a ƙarshen gona, ya harba. Yayansa ne, ya shigo ya toshe masa ruwan da ya ɓalle. Bai mutu ba, ƙafa ce ta tafi. Ya kuma yafe, wanda ya fi komai ciwo. Kullum da safe Nomau yana jin ƙarar sandarsa tana wucewa ta ƙofar gida, har tsufa ya same su.

Sarkin Bindiga ya numfasa, ya ce, "Da na sani ƙeya ce, ranka ya daɗe. Na binne mutane da yawa waɗanda masu saiti suka kashe ba da nufi ba, kuma wallahi na gaji da zaman makoki."

Dagaci ya ce, "Wannan Nomau ne. Barau jinina ne, na san shi. Kuma bindigar babu komai."

"Shi bai sani ba lokacin da ya danna," in ji tsoho. "Amma tunda ka san shi, shi ke nan. Kasuwa mai zuwa zan rataya masa ita, in ɗura ta da hannuna a gabanka. Abu ɗaya nake roƙo: kai za ka fizge hular."

Dagaci ya dubi ƙofa inda takalman Barau suke, ya daɗe yana kallonsu.

Tsoho ya ce a hankali, "In kai da ka haife shi ba za ka tsaya a bayansa ba, 'ya'yan wa za mu tsayar a gabansa?"

Dagaci ya sunkuyar da kai, ya ce, "Gyara rawaninka, Baba. A ba Barau sandar gora ya riƙe, har ranar da ni da kaina zan iya fizge hular."